Ramar da ke matse jijiyoyin ciki: idan cuta huɗu suka haɗu a jikin matashi ɗaya

Yarinya 'yar shekara 17, doguwa, siririya. Da ta ci abinci ciwo ya taso mata a ƙahon zuci, wani lokaci har da amai. Fitsarinta kan yi ja idan ta sha tafiya ko ta yi aikin ƙarfi. Da yamma ƙafarta ta hagu ta yi nauyi, takalmi ya matse ta. A yawancin asibitocinmu, daga Ngaundare har Injamena, takardar magani uku za ta karɓa daga hannu uku: na olsa, na tsargiya, da na sanyin mara. Kuma a mafi yawan lokuta masu rubuta maganin sun yi daidai, domin cututtukan da suka cika ƙasar ke nan. Amma akwai 'yan tsiraru da za su sha maganin har su gaji, rama na ta cin su, daga bisani a koma cewa iska ce, ko sammu, ko ƙin makaranta. Saboda su nake wannan rubutu.

Mashigai huɗu masu ƙunci

Uwar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya, wadda likitoci ke kira awota, tana gangarowa ta gaban ƙashin baya, ta ɗan karkata hagu. A damanta akwai babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. In ka bi awota daga sama zuwa ƙasa, cikin tsawon da bai wuce taƙi ɗaya ba, akwai wurare huɗu da wani abu ke iya danne wani.

A can sama, inda ta ratso shamakin naman da ya raba ƙirji da ciki, wata igiyar nama mai tauri ta gitta a kanta. Dab da ƙasan igiyar reshen farko ke fita, mai shayar da tumbi da hanta da saifa. Idan igiyar ta sauko fiye da kima sai ta danne reshen, ta danne har da tarin jijiyoyin jin zafi da ke kewaye da shi. Danniyar ta fi tsanani lokacin fitar da numfashi, domin a lokacin ne kayan ciki ke hawa sama su ja reshen ya tokari igiyar. Shi ne ciwon Dunbar, likitan da ya yi bayaninsa a 1965, kodayake Harjola ɗan ƙasar Finland ya riga shi da shekara biyu.

Kamar santimita ɗaya a ƙasa, reshe na biyu ya fita, mai shayar da ƙaramin hanji da rabin babban hanji. Yakan yi gaba kaɗan sannan ya sunkuyo ƙasa, ya bar kusurwa tsakaninsa da awota. Ɗauki su biyun kamar bakin awartakin maƙeri, kitse ne ya tokare shi ya hana shi rufewa. A mai lafiya kusurwar na tsakanin digiri 38 da 65, tazarar kuma milimita 10 zuwa 28. Abu biyu ne suka ratsa ta cikin bakin nan: daga sama jijiyar da ke kwaso jini daga ƙodar hagu, daga ƙasa kuma farkon ƙaramin hanji, inda abinci ke bi da ya bar tumbi. Idan kitsen ya narke, kusurwar ta koma ƙasa da digiri 25, tazarar ta gaza milimita 8, to bakin ya rufe. In hanji ya kama, ciwon Wilkie ke nan, wanda ya wallafa bayanin marasa lafiya 75 a 1927. In jijiyar ƙoda ya kama, shi ne abin da za ka ga an rubuta casse-noisette, wato awartakin fasa ƙwaya, a takardar hoto ta Faransanci.

Na huɗu yana ƙasa, daidai ƙashin baya na biyar na ƙugu. Awota ta rabu biyu, reshen da zai tafi ƙafar dama ya haye kan jijiyar da ke dawo da jini daga ƙafar hagu, ya danne ta a jikin ƙashi. Bugun da yake mata shekara da shekaru kan sa cikinta ya yi tabo ya ƙara ƙunci. May da Thurner sun duba gawa 430 a 1957, suka tarar da tabon a kashi 22 cikin 100. Likitocin da suka yi karatu da Faransanci sun fi kiransa ciwon Cockett.

Yadda ɗaya ke jawo ɗaya

Littattafai sun ajiye kowanne a babinsa, a asibiti ma kowanne da likitansa: na ciki, na mafitsara, na mata, na jijiya. Jiki bai san da wannan rabo ba. Ɗauki matashin da ya fara da danniyar sama. Minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci ciwo ya taso, sai ya fara tsoron kwano. Ya bar tuwo ya koma shayi da biredi, cikin 'yan watanni kilo 6 ko 8 sun zube. Kitsen da ya tokare kusurwar nan yana cikin abin da ya zube. Hanji ya matsu, amai ya shigo, amai ya ƙara rama, rama ta ƙara matsi. Jijiyar ƙodar da ke kwance a wuri ɗaya ita ma ba ta tsira ba.

Ba lallai sai ta wannan ƙofa ba. Duk abin da ya zabge jiki da sauri yana iya kai wa nan: taifot da ta daɗe, tarin fuka, ƙanjamau, ciwon sugan yara, ƙuna mai faɗi, doguwar jinya a kwance, ƙin abinci saboda damuwa. Haka yaron da ya miƙe farat ɗaya lokacin balaga, ƙashi ya riga nama, da wanda aka yi wa aikin miƙe karkataccen gadon baya. Wanda kuma ƙugunsa ya lotsa sosai, ƙashin bayansa na turo awota gaba, fili ya ragu sama da ƙasa.

Haɗin da mai magani ya fi bukatar ya riƙe shi ne hanyar da jini ke bi idan an tare masa gaba. Jijiyar ƙodar hagu ta ninka ta dama tsawo kusan sau uku, kuma a cikinta jijiyar marainan hagu, ko ta ƙwan mace na hagu, ke juyewa. Ta marainan dama ko ƙwan dama kuwa kai tsaye take shiga babbar jijiya. Idan aka matse jijiyar ƙodar hagu, jini sai ya juya ya gangara ta wannan ƙaramar hanya. A namiji jijiyoyin marainan hagu su kumbura su yi cunkus, su fi fitowa idan yana tsaye. A mace jijiyoyin gefen mahaifa su cika, ta riƙa jin nauyin mara da ke ƙaruwa da yamma, da ciwo lokacin al'ada, matar aure kuma har lokacin saduwa da bayanta. Daga mara jinin zai nemi fita ta jijiyar ƙugu ta hagu, wato daidai inda danniya ta huɗu take. In nan ma a matse yake, jini ya rasa gaba ya rasa baya. Shi ya sa mai biyun ya fi mai ɗaya shan wuya nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa ba a taɓa ɗaya sai an san halin da ɗayar ke ciki.

Cibiyoyin Turai da Amurka da ke tara irin waɗannan marasa lafiya sun lura da yawansu na da laushin gaɓoɓi irin na ciwon Ehlers-Danlos, da bugun zuciya mai tashi idan an miƙe tsaye. Duka biyun ana gwada su ba tare da na'ura ba. Na gaɓoɓi maki 9 ne: ɗan ƙaramin yatsa ya lanƙwasu baya ya wuce digiri 90, babban yatsa ya taɓa damtsen hannu na gaba, gwiwar hannu da ta ƙafa su karye baya fiye da digiri 10, kowanne maki ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai dafa ƙasa da tafin hannu ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Maki 5 ga baligi, 6 ga yaro, abin lura ne, amma mu 'yan Afirka dama gaɓoɓinmu sun fi na Turawa laushi, makin kaɗai ba ya yanke hukunci. Na zuciya kuwa, a kwantar da mutum minti 10 a ƙirga bugunsa, ya tashi tsaye a ci gaba da ƙirgawa har minti 10. In ya ƙaru da 30 a minti ɗaya, ko 40 ga 'yan shekara 12 zuwa 19, ya tsaya a haka alhali awon jini bai faɗi ba, a rubuta. Sai dai ƙarancin jini da zazzaɓi da ƙishirwar bazara duk suna ba da wannan sakamako, a fara kawar da su.

A fara da abin da ya cika gari

A ƙasar da ke da Lagdo da Maga da gonakin shinkafar Yagwa da gaɓar Tafkin Chadi, fitsarin jini tsargiya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Jinin tsargiya a ƙarshen fitsari yake ɗigowa, sau da yawa da zafi. Na matsewar jijiyar ƙoda a gauraye yake tun daga farko har ƙarshe, yana zuwa bayan ƙwallo ko gudu ko doguwar tsayuwa, ya ɗauke idan an huta, tare da ciwo a kwiɓin hagu. A wasu ma ido ba ya ganinsa sai a awo. A karɓi fitsari tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar suka fi fita, a haɗa da ɗigon ƙarshe, in ba a gani ba a maimaita wata rana. A ba da praziquantel miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki. In an kwana biyu, makonni sun shuɗe, babu ƙwai, mutum bai koma rafi ba, jini kuma bai tsaya ba, to a ɗaga kai a dubi ƙoda.

A gwada sikila har ga wanda bai taɓa ciwon ƙashi ba. Mai AS na iya fitsarin jini babu ciwo, kuma abin da ke rikitarwa, shi ma daga ƙodar hagu ya fi zuwa. Sai dutsen ƙoda, da tarin fuka na ƙoda, da ciwon matatar ƙoda, wanda kan zo da kumburin fuska da hawan jini, ƙwayoyin jininsa kuma a murɗe suke a ƙarƙashin madubin awo, saɓanin na matsewar jijiyar ƙoda, inda ƙaramar jijiya ce ta fashe, da ke fitowa da siffarsu lafiya lau.

Akwai gwajin da tsinken awon fitsari biyu kawai yake ci. Mutum ya yi fitsari kafin ya kwanta barci, da asuba ya tara na farko da zarar ya tashi, sannan ya tara wani bayan ya yi awa 3 ko 4 yana kai da kawowa. In na asuba fes yake, na rana kuma da furotin, tsayuwa ce ke jawo shi, kuma matsewar jijiyar ƙodar hagu na cikin manyan dalilan haka a yara da matasa.

Ciwon ciki da rama su ma da nasu layin: ƙwayar cutar olsa, tsutsar ciki, juna biyu, tramol, da diclofenac da ake saye a tebur. Tarin fuka na ciki na iya kumbura kaluluwa daidai wurin nan su danne hanji, hotonsa ya yi kama da na Wilkie. A yi fibroskopi, wato leƙa tumbi da siririyar roba mai kyamara, inda ake da ita.

Bayan nan tambaya ce ke aiki, kuma uwa ta fi kowa sanin amsa. "Inna, idan ta ci, minti nawa kafin ciwon ya taso? Aman wane launi ne? Yaya take kwanciya idan ya kama ta?" Ita kuma yarinyar a tambaye ta ita kaɗai: "Ƙanwata, sha'awar abincin ce babu, ko tsoronsa kike?" Mai danniyar jijiya yunwa yake ji, tsoro ne ke hana shi. Aman Wilkie da yawa yake zuwa, kore ko rawaya saboda toshewar na gaban inda ruwan matsarmama ke shiga, wani lokaci da abincin da aka ci tun safe. Kuma marar lafiyar kan gano da kansa cewa kwanciya a gefen hagu, ko rub da ciki, ko durƙusawa a haɗa ƙirji da gwiwa, na sassauta masa, rigingine kuma na ƙara masa. Uwa ta ce maka "kullum a kife nake samunta bayan cin abinci", ta ba ka rabin amsa. A ɗora abin sauraren ƙirji a ƙahon zuci, a sa ya fitar da numfashi duka. A wasu masu ciwon Dunbar za a ji huci mai bin bugun zuciya, rashin jinsa kuma ba ya kore cutar.

Hoto

Ekografi mai Dopla, wato hoton ciki na na'urar sauti da ke auna gudun jini, ya isa farawa, kuma siririn jiki ya fi kowane sauƙin dubawa. Abin da ake bukata shi ne mai dubawa ya san abin da aka aiko shi nema, don haka a rubuta masa wuraren huɗu da sunansu. In an rubuta "ekografin ciki" kawai, hanta da saifa da ƙoda zai duba ya ce lafiya, kuma bai yi ƙarya ba.

A zo da ciki babu abinci na awa 6 zuwa 8 saboda iskar hanji, amma a sha ruwa. A reshen farko a auna gudun jini sau biyu, da numfashi a ciki da kuma bayan an fitar da shi. Gudun da ya haura santimita 200 a daƙiƙa lokacin fitarwa, ya sauko idan an ja numfashi ko an miƙe tsaye, shi ne alamar igiyar nan; toshewar da ke cikin jijiyar kanta ba ta canzawa da numfashi. A auna kusurwa da tazarar reshe na biyu. A jijiyar ƙodar hagu a gwada faɗinta kusa da ƙoda da faɗinta a mashigin, haka ma gudun jinin. Ninki 5 ko fiye shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi, kuma a maimaita a tsaye domin a kwance matsin kan ɓuya. A dubi jijiyar maraina ko ta ƙwan mace a ga ina jini ya nufa, sama ko ƙasa. A ƙare da jijiyar ƙugu ta hagu.

Sikana, wato hoton CT, mai allurar launi ce ke tabbatarwa. A duba aikin ƙoda da juna biyu kafin a yi. A nemi a ɗauka lokacin da launin ke cikin jijiyoyin kai jini da kuma lokacin da ya dawo, daga ƙasan ƙirji har matsematsi, a kuma fitar da hoton gefe, domin ta gefe ne ake ganin kusurwar da lanƙwasar reshen farko. Hoto ɗaya da aka tsara da kyau ya fi uku da aka yi gutsi-gutsi, ga kuɗi ga hasken na'urar da ke taruwa a jikin yaro.

A nan nake so a tsaya. Danniya a hoto ba ita ce cuta ba. Tsakanin kashi 10 zuwa 24 cikin 100 na masu lafiya, igiyar nan na taɓa reshensu na farko. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu jijiyar ƙugunsa ta hagu a danne take da rabi, bai taɓa sani ba, ba zai kuma taɓa sani ba. Wanda aka kwantar rigingine da ƙishirwa a watan Afrilu, jijiyoyinsa dama a lafe za su fito. Siririn matashi kusan kowanne kusurwarsa ƙarama ce. In babu alamar da ta dace da wurin da aka gani, a bar kaza cikin gashinta. Cutarwar da ake yi wa wanda aka yanka saboda hoto ba ta gaza wadda ake yi wa wanda aka ce ƙarya yake ba.

Abinci kafin wuƙa

Tunda rama ce ke riƙe da tsakiyar al'amarin, maganin farko mayar da kitsen ne. Mai aman da ba ya tsayawa sai an kwantar da shi: a zura roba ta hanci a zuƙe abin da ya taru a tumbi, wanda kan kai lita biyu ko fiye, a yi ƙarin ruwa, a mayar da gishirin potasiyom da amai ya kwashe. Barin tumbi a kumbure na iya sa amai ya faɗa huhu, ko tumbin ya fashe.

Sai a kiyayi gaggawa. Wanda ya yi sama da kwana 10 bai ci abin kirki ba, ko ya zubar da fiye da kashi 15 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 3 zuwa 6, in aka ɗura masa abinci ko ruwan suga lokaci ɗaya, fosfet da potasiyom da magnesiyom na jininsa kan faɗi warwas, zuciya ta rikice, har a rasa shi. Ana farawa da bitamin B1, sannan kalori 10 kan kowane kilo a rana, a riƙa ƙarawa cikin kwana 4 zuwa 7 ana auna jini. In baki ya gagara, akwai siririyar robar da ake wucewa da ita gaban mashigin ta shiga hanji.

A gida kuwa, ci kaɗan-kaɗan sau 6 zuwa 8 a rana, mai ruwa-ruwa, domin ruwa na wucewa inda tuwo ba zai wuce ba. Kofi ɗaya na kunun gyaɗa mai laushi da madarar gari, kindirmo, fura da aka dama aka tace, dafaffen ƙwai, ayaba, dabinon da aka jiƙa aka dama. Babban cokali ɗaya na mai kalori kusan 120 ne, na tunkuzar gyaɗar da ba a matse ba kusan 90, ƙwai ɗaya kusan 70. A ƙara man sannu a hankali, yawansa na sa tumbi jinkirin sauke abinci. Ƙarin kalori 500 a rana na ba da kamar rabin kilo a mako. A ɗan dakata da masu zare da ƙaiƙayi, irin su rama da rake da goriba da mangwaro mai zare, kada su dunƙule a mashigin. Bayan kowane ci a kwanta gefen hagu ko a kife minti 20 zuwa 30. A hau sikeli ɗaya, da safe, sau ɗaya a mako, a rubuta. Ana ba wannan hanya mako 4 zuwa 6 kafin a ce ta gaza, kuma sau da yawa 'yan kilo kaɗan ke buɗe mashigin.

Abu biyu nake roƙo. Kada a sayo sha-ka-fashe. Dexamethasone da ke cikin irin waɗannan haɗe-haɗe fuska yake kumburawa, ya cinye naman jiki, ya tayar da olsa da suga, ya buɗe wa tarin fukan da ke kwance ƙofa. Na biyu, wanda ke cikin wannan jinya ba ya azumi. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, ya rama idan ya warke.

Ita ma jijiyar ƙoda haƙuri ne maganinta na farko. Ɗan ƙasa da shekara 18 ana jira har shekara biyu, kuma kusan uku cikin huɗu jinin kan tsaya da kansa yayin da jiki ya cika, wasu ƙananan hanyoyin jini suka buɗe. A riƙa duba yawan jini da fitsari da awon jini da aikin ƙoda duk wata 3 zuwa 6, a ba da maganin ƙarin jini in ya ragu.

Ƙafar hagu ba ta jira

Cikin huɗun, wannan ce ke kisa cikin sa'o'i. Danniyar kan zauna shiru sai wani abu ya ƙaru a kanta: ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrojin, juna biyu, makonni shida na jego da zaman ɗaki, kwanciyar jinya, ƙishirwa, ko kwana a zaune a jirgin ƙasan Ngaundare zuwa Yawunde ko motar Garwa zuwa Kusiri. Sai jini ya daskare, ƙafa ta kumbura tun daga cinya cikin kwana ɗaya ko biyu, da zafi da nauyi. Tundurmi ba haka yake zuwa ba, shekaru yake ɗauka. A auna kaurin ƙafafun biyu santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin gaggawa ne. Ba tausa, ba ƙaho, ba tsaga. Gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, alamarsa haki da ciwon ƙirji da tarin jini.

Magani tsinka jini ne na aƙalla wata 3. A nan haɗuwar cututtukan ke nuna kanta. Rivaroxaban sai da abinci yake shiga jiki yadda ya kamata, mai aman Wilkie kuwa ba abincin ba ƙwayar. Shi allurar enoxaparin ta dace da shi, miligiram 1 kan kowane kilo sau biyu a rana, a kuma lissafa da nauyinsa na yau, ba na bara ba. Mai juna biyu ita ma allurar ce, ba ta shan rivaroxaban ko Sintrom. Mai fitsarin jini kuma maganin na iya ƙara masa zubar, ba a fasa ba shi, amma ana bin yawan jininsa kusa-kusa.

In har sai an yi aiki

Ga Wilkie, aikin da ya fi tabbata shi ne haɗa hanjin da ke bayan mashigin da wanda ke gabansa, abinci ya zagaye. Yana yi wa kusan 8 ko 9 cikin 10. Amma bai buɗe kusurwar ba, jijiyar ƙoda na nan a matse har sai kitse ya dawo. Ga Dunbar, ana yanke igiyar ne a 'yanta reshen, aiki a jikin awota kanta, inda kuskuren milimita ke jawo zubar jini mai yawa. Sa bututun ragar ƙarfe a reshen kafin a yanke igiyar kuskure ne, za ta murƙushe shi. Kuma wannan ne aikin da aka fi samun wanda aka yi wa ciwo bai tafi ba, shi ya sa wasu cibiyoyi ke fara kashe jijiyoyin zafin wurin da allura su ga ko ciwon zai lafa.

Ga jijiyar ƙoda, sai jini ya ƙi tsayawa har ana ƙarin jini, ko ciwo ya hana rayuwa, ko ƙodar ta fara gazawa. Ana auna bambancin ƙarfin jini tsakaninta da babbar jijiya: a mai lafiya bai wuce milimita 1 ba a ma'aunin awon jini (mmHg), 3 zuwa sama na nuna matsi na gaske. Aikin da aka fi sani shi ne cire bakinta a dasa shi 'yan santimita a ƙasa, inda fili yake. Bututun ƙarfe a nan ya sha zamewa ya tafi har zuciya, ga shi za a bar shi a jikin ɗan shekara 17 har tsufansa. Babban kuskuren da za a kiyaya shi ne ɗaure ko toshe jijiyar maraina ko ta ƙwan mace ta hagu saboda ta kumbura, ba a dubi ƙoda ba. In ita ce mafitar jinin ƙodar, rufe ta zai mayar da matsin sama, a wayi gari garin gyaran gira an rasa ido. Duk saurayin da marainansa na hagu suka kumbura yana kuma siriri ko yana fitsarin jini, a duba jijiyar ƙodarsa kafin a sa ranar aiki. Mai laushin gaɓoɓi kuma a gaya wa likitan tiyata tun farko, namansa ba ya riƙe ɗinki kamar na kowa.

Yawancin waɗannan ayyuka sai Yawunde ko Duwala ko ƙetare, don haka a shirya tafiyar. A ɗauki takardar nauyin mako-mako, da sakamakon fitsari da na sikila, da sunayen duk magungunan da aka sha har na gargajiya. Sama da komai a karɓi faifan CD na sikanar, kada a tsaya ga takardar bayani ko hoton da aka ɗauka da waya. Daga faifan ne wani likita zai sake juya hoton ya auna kusurwa da tazara da faɗin jijiya da kansa, ko da wanda ya fara karantawa bai neme su ba, kuma ana iya tura abin da ke cikinsa ta intanet a ji ra'ayin likitan jijiya kafin iyali su sayar da dabba su biya kuɗin mota.